Da Ɗan Gari Akan Ci Gari: Yadda Baƙi Biyu Suka Shiga Harkar Tasi a Ƙasashen Larabawa

Duk wanda ya sauka Dubai sarin kaya, ko ya je Jidda Umara cikin 'yan shekarun nan, da wuya bai ci karo da sunan Careem ba, ko a jikin mota, ko a wayar wanda ya zo tarbarsa. An rubuta shi da baƙaƙen boko ta wata siga ta daban, amma kalmar ba baƙuwa ba ce a kunnenmu. Karim ce ta Larabci, wadda muka ara tuntuni muke cewa karimci. Kamfani ne na kiran mota ta wayar hannu, kuma mutum biyu ne suka kafa shi a Dubai a shekarar 2012, babu ɗan ƙasa ko ɗaya a cikinsu: Mudassir Sheikha, haifaffen Karachi a Pakistan, da Magnus Olsson, mutumin Suwidin. Ranar 26 ga Maris, 2019, kamfanin Uber na Amurka, mai irin wannan sana'a, ya ba da sanarwar zai saye shi kan dala biliyan 3.1. Har zuwa ranar, ba a taɓa cinikin wani kamfanin fasaha da ya kai haka ba a ƙasashen Larabawa.

Yadda aka saba ba da labarin gajere ne, kuma yana da daɗin ji. Baƙi biyu sun zo da sabuwar fasaha, sun tarar da harkar tasi ta tsufa, sun girgiza ta, sun yi kuɗi. Ni dai ban gamsu da wannan siga ba, don idan aka bi abin daki-daki za a ga fasahar ita ce mafi ƙanƙantar abin da suka kawo. Uber ya fara ɗaukar fasinja a San Francisco tun 2010, ya kuma iso Dubai da kansa a 2013 da manhaja wadda ta fi tasu gogewa nesa ba kusa ba, ga kuɗi kamar ƙasa. Da fasaha kaɗai ke cin kasuwa, da tuni an manta da Careem. Abin tambaya shi ne, me ya hana ƙaton ya murƙushe ɗan ƙaramin har shekara shida, daga ƙarshe ma sai da ya zaro kuɗi ya saya?

Sai an fara da su waye mutanen, domin kalmar baƙo tana ɓoye abubuwa da yawa. A Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa kusan mutum tara cikin kowane goma baƙi ne. Mai gadi baƙo, likita baƙo, mai share titi baƙo, manajan banki baƙo. Saboda haka zama baƙo a Dubai bai bambanta mutum da kowa ba. Abin da ke bambantawa shi ne wane irin baƙo. Mudassir ya yi karatu a Jami'ar Kudancin Kalifoniya, ya yi digiri na biyu kan ilimin kwamfuta a Stanford, ya yi aiki a kamfanonin fasaha na Amurka tun lokacin da intanet ke tashe, kafin ya koma kamfanin McKinsey mai ba gwamnatoci da manyan kamfanoni shawara. A can suka haɗu da Magnus. Shi kuwa Magnus, abin da ya fitar da shi daga aikin albashi rashin lafiya ce: an gano kumburin jijiyar jini a ƙwaƙwalwarsa yana ɗan shekara ashirin da wani abu, aka yi masa aiki, ya tashi da niyyar sauya rayuwa. Ba mutane ba ne da suka sauka da jaka ɗaya suna neman wurin kwana. Sun san ofisoshin da ake yanke shawara a yankin, sun san yaren masu zuba jari, suna da lambobin wayar mutanen da ake kira a ɗaga.

Amma aikin nasu ya ba su wani abu da ya fi lambobin waya. Mai ba da shawara kullum yana kan hanya: yau Riyad, gobe Doha, jibi Alƙahira. Ka sauka filin jirgi da dare, direban da aka ce zai zo bai zo ba, ko ya zo bai san wurin da za ka ba, ko ku yi ta jayayya kan kuɗi, ga shi kuma ofis na neman rasit. Ɗan gari ba ya ganin wannan a matsayin matsala. Yana da motarsa, ko direban gida, ko wani mai tasi da ya sani shekara goma yana kiransa. Baƙo ne ke shan wahalar gari yadda take, babu mai tare masa. Wannan wahalar suka mayar sana'a. Shi ya sa da farko ma Careem ba manhaja ba ce: shafin intanet ne da lambar waya, inda kamfanoni ke yi wa ma'aikatansu tanadin mota tun kafin ranar tafiya. Manhajar waya daga baya ta zo.

To, wace irin harkar tasi suka tarar? A nan ma ana yawan yin kuskure, a ɗauka ko'ina tasi ta lalace ne kamar yadda ake kuka a wasu birane. Tasin Dubai tana da tsari. Motoci ne masu launin madara, launin rufin kowace na nuna kamfaninta, akwai ma masu rufi ruwan hoda da mata ke tuƙawa don mata da iyalai. Akwai mita, akwai na'urar sanyaya mota, kuma Hukumar Hanyoyi da Sufuri ta Dubai, wadda aka fi sani da RTA, ita ke riƙe da linzami tun da aka kafa ta a 2005. Giɓin yana wani wuri ne: samun mota a lokacin cunkoso, ko a unguwar da ke bayan gari, ko da asuba in za ka kama jirgi. A Riyad kuwa babu jirgin ƙasa na cikin gari a wancan lokaci, motocin safa ba su taka kara sun karya ba, ga gari mai faɗi kamar ba zai ƙare ba. A Alƙahira farar tasi na nan birjik, sai dai mita sau da yawa ado ce, ciniki ake yi. A Karachi kuwa tsaro ne kan gaba: wa ke tuƙa ka, kuma wa ya san inda kake? Kowane gari da irin ciwonsa, magani ɗaya ba zai yi musu duka ba.

Wurin da na fi ganin basirarsu shi ne batun adireshi. Manhajar Uber an gina ta ne a kan zaton cewa kowane gida na da lamba, kowane titi na da suna, kuma taswirar Google ta san su duka. A San Francisco haka ne. A yawancin garuruwan da Careem ya shiga, kwatance ake yi, irin wanda duk Bahaushe ya sani: ka wuce gidan mai, ka karya dama a masallaci na biyu, gida mai koren ƙyaure. Dubai kanta, da duk dogayen benayenta, da akwatin gidan waya aka san mutane; sai a 2015 hukumar birnin ta ƙaddamar da tsarin Makani, wanda ya ba kowane gini lamba mai alƙaluma goma. Idan direba bai gane inda fasinja yake ba, komai kyan manhaja aikin banza ne. Minti goma da ya ɓata yana zagaye, man fetur ne ya ƙone, fasinja ne ya fusata, wata tafiya ce ta kuɓuce. Careem ya zauna ya tattara nasa kundin wurare: sunayen gine-gine, ƙofofin manyan kantuna, asibitoci, makarantu, da sunan da mutanen unguwa ke kiran wuri da shi ko da ba shi ne a takarda ba. Aiki ne mai gajiyarwa, ba ya shiga jarida, ba a ba da lambar yabo a kansa. Amma kowace tafiya da aka yi tana ƙara wa kundin inganci, kuma wanda ya zo daga baya ba zai iya sayensa a kanti ba.

Haka batun kuɗi. Shekarun farko na Uber, sai da katin banki ake hawa, kuma suna alfahari da hakan: ka sauka ka tafi abinka, babu miƙa kuɗi babu neman canji. Sai a 2015 suka fara gwada karɓar tsabar kuɗi, a birnin Hyderabad na Indiya. A Masar da Pakistan kuwa mafi yawan mutane ba su da kati, masu shi ma da yawa ba su yarda su saka lambarsa a waya ba. Karɓar tsaba abu ne mai sauƙin faɗa, amma yana juya lissafin kamfani gaba ɗaya. Da kati, kuɗi na shiga hannun kamfani ne, ya cire la'adarsa ya tura wa direba saura. Da tsaba, kuɗi na aljihun direba, kamfani ne ke bin sa bashi. Dole a ƙirƙiro hanyar bin wannan bashi daga dubban mutane, a sa iyakar da in ta wuce za a dakatar da direba, a san yadda za a yi da canji idan babu. Careem ya rungumi wannan ɗawainiya, har ya mayar da ragowar canji wani asusu a cikin manhaja da fasinja zai hau mota da shi nan gaba. Ya kuma riƙe ofishin amsa kira, inda mutum zai buga ya ji muryar ɗan adam da yaren da yake ji, a lokacin da abokin hamayyarsa ke cewa a aiko da ƙorafi a rubuce. A Pakistan ya saka babura da keke mai ƙafa uku irin a-daidaita-sahu. A wata babbar sallah a Riyad har ragon layya aka riƙa yin oda ta manhajar. Talla ce, babu shakka, amma talla ce ta wanda ya san mutanensa.

Duk da haka, baƙo baƙo ne. Dubai gari ne na baƙi, kowa na iya kutsawa. Saudiyya daban take, kuma a can babbar kasuwar take. Kuɗin farko na kirki da Careem ya samu, dala miliyan 1.7 a 2013, daga reshen zuba jari na kamfanin sadarwar Saudiyya, STC, ya fito. A 2014 suka sayi wani ɗan ƙaramin kamfani mai suna Enwani, wanda aikinsa shi ne warware matsalar adireshi a Saudiyya, suka kuma ɗauki mai shi, Abdulla Elyas, ɗan asalin ƙasar da ya tashi a Jamus, suka ba shi matsayin na uku cikin waɗanda suka kafa kamfani, alhali an shekara biyu da kafawa. Wannan ba ƙaramar dabara ba ce. Da ɗan gari akan ci gari. A ƙarshen shekarar kuma kamfanin tafiye-tafiye na Al Tayyar, shi ma na Saudiyya, ya jagoranci zuba dala miliyan 10.

Abin da ya sa kasuwar Saudiyya ta yi armashi haka, doka ce. Har zuwa 24 ga Yuni, 2018, mace ba ta da izinin tuƙi a ƙasar. Malamar makaranta, ma'aikaciyar jinya, ɗalibar jami'a, kowacce sai ta jira miji ko ɗan'uwa, ko gidan su ɗauki direba daga waje su biya shi albashi su ba shi ɗaki, ko ta tsaya bakin titi ta tari motar da ba ta san mai ita ba. Manhaja ta ba ta sunan direba da hotonsa da lambar mota, ta kuma bar sawun tafiyar a rubuce. Alƙaluman da kamfanonin suka bayar a lokacin sun nuna mata ne kusan kashi 70 cikin 100 na fasinjojin Careem a Saudiyya, na Uber ma sun kai kashi 80. A taƙaice, wani babban ɓangare na nasarar ya tsaya ne a kan takunkumin da ke wuyan mata, kuma akwai matan Saudiyya da suka fito fili suka faɗi hakan, suna cewa ana cin riba da hana su tuƙi. Da aka ɗage dokar, Careem ya yi maza ya fara ɗaukar mata direbobi.

Yanzu sai batun da ya fi komai cin kuɗi. Sana'ar kiran mota kasuwa ce mai baki biyu. Fasinja ba zai buɗe manhaja ba idan zai jira rabin awa. Direba ba zai zauna a kanta ba idan zai yini bai samu kira ba. Dole a cika ɓangarorin biyu a lokaci guda, kuma hanyar da aka sani ita ce a biya su duka: a yi wa fasinja rangwame, a ba direba ƙarin lada idan ya cika tafiya kaza a mako. Ma'ana kamfani na cike giɓi daga aljihunsa a kan tafiye-tafiye masu yawa, da fatan wata rana idan ya mamaye gari zai janye rangwamen. Idan kamfani biyu na wannan wasa a gari ɗaya, direba ya saka waya biyu a gaban mota, fasinja ya duba farashi biyu kafin ya zaɓa, kuɗin masu jari kuwa na ta zurarewa. Amma akwai wani sirri a ciki da ya taimaki ƙananan kamfanoni: yawan motocinka a Landan bai rage wa mai jira a Lahore ta Pakistan ko minti ɗaya ba. Kowane gari fagen kansa ne. Shi ya sa Uber ya sakar wa abokan hamayyarsa na wasu yankuna fage: ya miƙa kasuwar Sin ga Didi a 2016, ya haɗe harkarsa ta Rasha da Yandex a 2017, ya bar wa Grab kudu maso gabashin Asiya a 2018.

A Gabas ta Tsakiya ma an gwabza. A watan Yuni na 2016 asusun zuba jari na gwamnatin Saudiyya ya zuba dala biliyan 3.5 a Uber, shugaban asusun, Yasir Al-Rumayyan, ya samu kujera a hukumar gudanarwar kamfanin. Mutane da yawa sun ɗauka Careem ya gama yawo. Wata shida bayan haka sai ga Careem ya tara dala miliyan 350, daga Rakuten na Japan da kuma STC, wanda ya biya dala miliyan 100 ya karɓi kashi 10 cikin 100, abin da ya kai darajar kamfanin dala biliyan ɗaya. Abin lura a nan, mafi yawan hannun jarin STC na wancan asusun ne da ya zuba kuɗi a Uber. Kuɗin gwamnati ɗaya ke bayan 'yan dambe biyu, duk wanda ya yi kisa ita ke da kaya. Daga baya kamfanin Yarima Alwaleed bin Talal, da Daimler mai ƙera Marsandi, da Didi na Sin duk suka shigo.

Gwamnatoci kuwa ba su tsaya kallo ba, kuma a nan ne labarin girgiza harkar tasi ya fi rauni. A Amurka salon Uber shi ne ya shiga gari ba sallama, ya tara fasinjoji, sannan ya bar hukuma ta yi rigima da masu zaɓenta. A ƙasar da gwamnati ke da hannu a kamfanin tasi, kuma takardar zamanka na hannunta, wannan salon ba ya ci. A Dubai ba a yarda kowa ya ɗauko motar gidansa ya fara kabu-kabu ba. Sai motocin alfarma na haya masu lasisi, kuma aka ɗora sharaɗin farashinsu ya ɗara na tasi da kashi 30 cikin 100, don kada su kashe ta. A Abu Dhabi, cikin watan Agusta na 2016, aka kama direbobi da dama, kamfanonin biyu suka dakatar da aiki. Careem ya dawo ba da jimawa ba, Uber kuwa sai a ƙarshen 2018. A Masar masu farar tasi sun yi zanga-zanga sun kuma garzaya kotu, a watan Maris na 2018 wata kotu ta ba da umarnin a dakatar da kamfanonin, kafin majalisa ta yi dokar da ta halatta su a watan Mayu, da kuɗin lasisi da sharuɗɗa kan bayanan fasinjoji. A Saudiyya kuma sannu a hankali aka keɓe wa 'yan ƙasa aikin tuƙi a manhajojin.

Careem ya zaɓi lallami. Ƙarshen wannan hanya shi ne Hala, kamfanin haɗin gwiwa da ya kafa da RTA a 2019, hukumar na da kaso mafi tsoka, inda tasin Dubai fiye da 10,000 suka shiga cikin manhajar Careem. Wanda aka ce ya zo rusa tasi, ya ƙare yana yi mata dillancin fasinja. A ganina wannan shi ne abu mafi amfani da ya bari a birnin, kuma shi ne aka fi mantawa da shi idan ana ba da labarin.

Akwai wani baƙo a cikin wannan labari da ba a cika ambata ba, alhali shi ne ke riƙe da sitiyari. Direbobin Dubai akasarinsu daga Pakistan da Indiya da Bangladesh suke, da wasu daga Afirka. Careem ba ya kiransu direbobi, kyaftin yake ce musu, kuma Mudassir ya sha bayyana cewa don a daraja sana'ar aka yi haka. Ban raina wannan ba. A yankin da ake yi wa direba tsawa kamar yaron gida, suna na da tasiri, kuma a Pakistan da Masar manhajar ta buɗe wa dubban matasa masu takardar makaranta da ba su da aiki wata ƙofa. Sai dai suna ba ya sayen mai. Kyaftin ba ma'aikacin Careem ba ne. A Dubai yawanci yana ƙarƙashin wani kamfanin motocin haya ne da ya yi masa biza, kuma shi ke karɓar nasa kaso ko kuɗin mota na wata, bayan la'adar manhaja wadda kan kai kashi ɗaya cikin biyar ko fiye. A Lahore ko Alƙahira kuwa, da yawa sun ci bashi sun sayi mota a lokacin da ƙarin lada ke zuba, da aka janye sai bashi ya rage musu. Kamfani ke yanka farashi, kwamfuta ke raba kira, makin da fasinja ya ba ka a manhaja ke iya sa a rufe ka. Da aka sayar da kamfanin, ma'aikatan ofis da aka ba hannun jari da dama sun wayi gari da miliyoyi, wasunsu suka fita suka kafa nasu kamfanonin. Tun kafin nan ma wani tsohon ma'aikacinsu, Mostafa Kandil, ya kafa Swvl na motocin safa a Alƙahira. Kyaftin ba shi da hannun jari. Ɗan Karachi ne a saman bene, ɗan Peshawar ne a cikin mota, fasfo ɗaya suke riƙe da shi, amma Dubai ɗinsu ba ɗaya ba ce.

Kamfanin ya yi nasa tuntuɓen. A watan Janairu na 2018 masu kutse suka kwashe bayanan mutum kusan miliyan 14, sunaye da lambobin waya da tarihin tafiye-tafiye, kuma ba a sanar da jama'a ba sai a watan Afrilu. Ga kamfanin da jarinsa amana ce, wata uku na shiru ba ƙaramin tabo ba ne.

Sai cinikin kansa. Me ya sa Uber ya saya maimakon ya janye kamar yadda ya yi a Sin da Rasha? Lokacin ya ba da amsa. Uber na shirin shiga kasuwar hannun jari ta New York a watan Mayu na 2019, yana buƙatar ya nuna wa masu saye wani yanki mai yawan matasa da yake da rinjaye a ciki, ya kuma daina ƙona kuɗi a yaƙin rangwame. Careem kuma, da birane kusan 120 a ƙasashe 15, har lokacin sai ya ci gaba da neman sabon jari kafin ya tsaya. Cikin dala biliyan 3.1 ɗin, biliyan 1.4 ne tsaba. Sauran biliyan 1.7 takardun bashi ne da za a iya mayarwa hannun jarin Uber a kan dala 55 kowane ɗaya. Da Uber ya shiga kasuwa, a kan dala 45 aka sayar, daga nan ma ya yi ƙasa. An kammala cinikin a Janairun 2020, aka bar wa Careem sunansa da manhajarsa, Mudassir ya ci gaba da shugabanci. Ga fasinja a Riyad ko Alƙahira, manhaja biyu na nan a waya, amma mai su ɗaya ne. Hukumar kula da gasa ta Masar ta gane haka, shi ya sa sai da ta gindaya sharuɗɗa kan farashi kafin ta amince.

An yi ta murna a Dubai, kuma da dalili. Shekara biyu kafin nan Amazon ya sayi Souq, kantin intanet da wani baƙon, Ronaldo Mouchawar ɗan Halab ta Siriya, ya gina a birnin, kan dala miliyan 580. Cinikin biyu sun nuna wa masu kuɗin yankin, waɗanda suka saba da filaye da benaye, cewa manhaja ma kadara ce. Amma duka biyun a hannun Amurkawa suka ƙare.

Sa'ar lokaci ma ta taka rawa. Wata biyu da kammala ciniki annobar korona ta rufe garuruwa, harkar Careem ta faɗi da fiye da kashi 80 cikin 100, a watan Mayu na 2020 ya sallami ma'aikata 536, kusan kashi ɗaya cikin uku. Da cinikin ya yi jinkirin shekara guda, da wani labarin ake bayarwa yau. Daga nan kamfanin ya karkata ga kai abinci da cefane da aika kuɗi. A 2023 aka raba shi biyu: harkar motoci ta zauna a hannun Uber, sauran ayyukan kuma kamfanin sadarwar Daular, e&, wanda aka sani da Etisalat, ya sayi kashi 50.03 cikin 100 kan dala miliyan 400.

A Pakistan kuwa, inda Careem ya shiga a 2015 ya koya wa birane kiran mota ta waya, inda kuma da yawan injiniyoyinsa suke zaune, ƙasa ta juya. Darajar rupi, kuɗin ƙasar, ta zube, man fetur ya yi tsada, masu jari suka ɗaure bakin jaka. Sai ga inDrive, wanda aka faro a Yakutsk ta Rasha, ya zo da salon da ya fi kusa da abin da mutane suka saba tun kafin waya: fasinja ya faɗi abin da zai biya, direba ya karɓa ko ya ƙara, la'ada kuma kaɗan. Cinikin bakin titi da manhaja ta zo kawarwa, shi ne wani baƙon ya dawo da shi cikin manhaja. A watan Yuni na 2025 Mudassir Sheikha da kansa ya sanar cewa daga 18 ga Yuli, Careem zai daina ɗaukar fasinja a Pakistan, har da Karachi, garin da aka haife shi.